Awarwaro biyu na azurfa: yadda 'ya'yan wata baiwar Allah suka nemo danginta bayan rasuwarta

Asalin lamarin

Matar da wannan bayani ya shafa ta zauna a gidan aurenta a unguwar Fagge ta birnin Kano fiye da shekara 50. Ta haifi 'ya'ya tara, bakwai suka rayu, maza uku da mata huɗu, kuma mijinta, wanda fatauci ne sana'arsa, yana sayar da kanwa da dabino, ya riga ta rasuwa tun 2011. 'Ya'yanta da jikokinta Inna suke ce mata, ni ma haka zan kira ta a nan. Ni maƙwabcin gidan ne, kuma ni na buga musu abin da suka tattara a kwamfuta, ta nan na san yadda al'amarin ya gudana daga farko har ƙarshe.

Duk unguwa an san Inna mutuniyar Nijar ce, daga ƙasar Damagaram, kuma ana jin hakan a bakinta har ta koma ga Allah. Makarantar boko lakwal take ce mata, idan kuma lissafin kuɗi ya kama ta sai ta koma ƙirga da dala irin na can, jikoki su yi ta yi mata tsiya. Amma idan aka wuce cewa daga wajen Matamaye take, sanin 'ya'yanta ya ƙare. Mijinta ya auro ta ne a wata tafiyar fatauci tana ƙaramar yarinya, aka kawo ta Kano, kuma duk lokacin da ta je ganin gida ita kaɗai take zuwa, sai ɗan goye in tana da shi. 'Ya'yan sun tashi a cikin dangin uba masu yawa, ba su taɓa jin sun rasa 'yan uwa ba. Ga kuma alkunya: Inna ba ta taɓa faɗin sunan ɗanta na fari ba, ba ta zama hira da shi, kuma ba irin matan da ke ba 'ya'yansu labarin ƙuruciyarsu ba ce.

Ita kaɗai ke riƙe da igiyar zumuncin. Kowace shekara kafin azumi takan ƙulla saƙo, sabulu da sukari da turmin atamfa da 'yan kuɗi, ta ba wani dattijo ya kai. Da wayar hannu ta wadata aka saya mata ƙarama, kuma da yake ba ta karatun boko ba a ajiye lambobin da suna ba, sai dai ta miƙa wa wani jika ta ce ya nemo mata lambar Nijar a cikin waɗanda suka kira.

Afrilu 2020: rasuwa a cikin kulle

Inna ta daɗe tana fama da hawan jini da ciwon gwiwa. A watan Afrilun 2020 zazzaɓi ya kwantar da ita kwana huɗu, Allah ya karɓi ranta ana saura 'yan kwanaki a ɗauki azumi. Lokacin Kano tana cikin dokar kulle saboda korona, kuma makonnin da dattawa suka yi ta rasuwa ke nan a birnin. Waɗanda suka sallace ta ba su kai mutum 20 ba. Ɗanta na biyu yana Legas, 'yarta ɗaya tana aure a Kaduna, dukansu ba su sami hanyar zuwa ba, kuma ba a yi zaman makoki irin wanda aka saba ba, inda da dangi na nesa za su ji su zo, a ga fuskokinsu, a karɓi lambobinsu. Iyakar Nijeriya da Nijar kuwa a rufe take tun watan Agustan 2019.

Ba wanda ya sanar da mutanen Nijar. Babban ɗan ya ɗauka matan suna da lambar, matan kuma sun ɗauka tana wurinsa. A rana ta uku, da ake rabar da ƙananan kayanta sadaka, aka ba yarinyar da take yi mata aike wayar, ita kuma ta cire layin Inna ta sa nata, ta goge abin da ke ciki. Layin aka jefa a wani gwangwanin allurai. Da aka tuna da shi bayan watanni da dama, kamfanin ya riga ya karɓe lambar ya sayar wa wani, kamar yadda ake yi wa layin da ya daɗe ba ya aiki.

Yuni 2020: rabon gado da wasiyya

Bayan ƙaramar salla aka kira malamin unguwa ya raba gado. Ya bi tsarin da shari'a ta shimfiɗa: a fara da kuɗin likkafani da jana'iza, sai bashi, sai wasiyya, sannan abin da ya rage a raba. Bashin da aka samu naira 8,000 ne na wata dillaliya, aka biya. Dukiyar ba ta da yawa, 'yan kunne da sarƙa na zinare, da atamfofi, da tasoshi da kwalla na jere, da awaki huɗu, da kwasar adashi da ba ta riga ta karɓa ba. Da yake ba miji, ba uwa, ba uba, aka kasa kashi 10, kowane namiji biyu, kowace mace ɗaya.

Kafin a kai ga rabon ne wata tsohuwa, aminiyar Inna da suke katanga ɗaya, ta aiko cewa akwai magana. Inna ta gaya mata, ba sau ɗaya ba, cewa idan ta riga ƙanwarta tafiya a kai wa ƙanwar awarwayenta biyu na azurfa da turmin atamfa uku. 'Yar Inna ta biyu, wadda malamar firamare ce, ta ce ita ma ta ji wannan magana da kunnenta, sauran kuma ba wanda ya musa. Babban ɗan ya tambaya ko wasiyyar ta halatta, tunda an ce ba a yi wa magaji wasiyya. Malam ya ce ƙanwar ba magajiya ba ce a nan, domin ɗa namiji yana shamakance 'yan uwan mamaci, kuma kayan ba su kai sulusin dukiyar ba, saboda haka dole a zartar. Ya ƙara da cewa idan ƙanwar ta riga Inna rasuwa kayan za su koma cikin gado, idan kuwa bayanta ta rasu, na magadanta ne. Ke nan ko a raye take ko a mace, sai an gano ta.

Abin da aka sani game da ita lakabinta ne kawai, irin wanda ake yi wa duk macen da aka haifa ranar Laraba, da sunan wani ƙauye da Inna takan ambata. Aka ƙulle kayan a tsumma, aka sa a cikin kwalla, aka damƙa wa malamar amana.

2020 zuwa farkon 2021: zauren WhatsApp da cigiya

Tun makon rasuwar aka buɗe zauren WhatsApp na 'ya'ya da surukai da manyan jikoki, mutum 31, domin na nesa su ji abin da ake ciki, kuma malamar ta so ya zama wurin da kowa zai faɗi abin da ya sani na rayuwar Inna. Ba a je ko'ina ba rigimar sadakar arba'in ta taso. Babban ɗan, wanda ɗan Tijjaniyya ne kamar mahaifinsu, ya ce za a yi waina a tara almajirai a sauke Alƙur'ani. Autan maza, wanda yake bin karatun Izala, ya ce ware ranar uku da bakwai da arba'in ba shi da asali, kuma ba zai sa ko kwabo ba. Aka yi kwana biyu ana turo wa'azin malamai daga ɓangarorin biyu, daga ƙarshe autan ya fice. Daga nan kowa ya kama bakinsa, zauren ya koma wurin turo hotunan addu'a ranar Juma'a. Da malamar ta sake roƙon a rubuto abin da aka sani, mutum huɗu suka amsa, kuma duka huɗun abu ɗaya suka ce, Inna mace ce mai haƙuri, Allah ya ji ƙanta.

A watan Oktoba wani jika ya sa cigiya a Facebook, da hoton Inna na fasfo da sunan ƙauyen da lambar wayar babban ɗan, aka kuma biya aka yi sanarwa a wani gidan rediyo. Bayan kwana shida wani mutum ya kira ya ce shi ɗan ƙanen Inna ne, yana son ya zo gaisuwa amma ba shi da kuɗin mota, aka tura masa naira 15,000. Kashegari ya sake kira wai an tsare shi a kan iyaka, a ƙaro. Nan malamar ta ce a tambaye shi sunan mahaifiyar Inna. Ya faɗi wani suna ba tare da ya yi jim ba, sai ɗakin ya yi tsit, domin a cikin 'ya'ya biyar da ke zaune a wurin ba wanda ya san ko daidai ya faɗa. Ba a ƙara tura masa komai ba, shi ma bai ƙara kira ba, aka cire cigiyar.

Maris 2021: tafiyar farko

An fara buɗe iyakokin ƙasa a watan Disambar 2020. A watan Maris ɗan Inna na biyu ya ɗauki hutu ya taho daga Legas, ya bi ta Kazaure da Daura ya ƙetara ta Kwangwalam zuwa Matamaye, da hoton fasfon da sunan mahaifin Inna da sunan ƙauyen a rubuce. A tasha aka shaida masa ƙauyuka uku ne ke amsa wannan suna a yankin. Ya ɗauki hayar babur ya je duka ukun a cikin kwana uku.

Ko'ina maza ya tambaya, a bakin masallaci da gindin bishiya, kuma da sunan yanka na Inna ya yi tambayar. Ba wanda ya san wata mai wannan suna. Sunan mahaifin nata kuwa irin wanda ake samun mutum biyar da shi ne a kowane gari. A ƙauye na biyu mai gari ya karɓe shi da mutunci, aka kawo masa fura, sannan ya tambaye shi wa ya haɗo shi da su, kuma me yake nema wurin mutanen in an same su. Ya ce saƙo ne na mamaciya, amma bai zo da kayan ba, kuma ba shi da wanda zai ambata. Wani magidanci da ke zaune a gefe ya karɓi hoton ya daɗe yana kallo, ya mayar masa, bai ce komai ba. Ya koma Kano ya kashe kimanin naira 60,000, ya gaya wa 'yan uwansa cewa a ganinsa mutanen ko sun ƙare ko sun tashi.

2022: rijiya

Shekara guda ba a sake tayar da maganar ba. A farkon 2022 babban ɗan ya kawo shawarar a haƙa rijiyar burtsatse a ƙofar gida da sunan Inna, ya kafa hujja da hadisin Sa'adu ɗan Ubada, wanda mahaifiyarsa ta rasu ya tambayi Manzon Allah (SAW) wace sadaka ce ta fi, aka ce masa shayar da ruwa. A kan wannan ba a yi saɓani ba, har autan ya dawo zauren ya ba da kaso mafi tsoka. Aka tara naira miliyan 1 da dubu 400, aka haƙa, aka kafa tanki da famfo uku da janareta.

Ana cikin tara kuɗin ne wani ya ce a sayar da awarwayen a zuba a ciki, tunda ba a sami mai su ba, ladan ya isa ga Inna da ƙanwar gaba ɗaya. Malam bai yarda ba. Ya ce ba a yi wa mutum sadaka da kayansa alhali ba a tabbatar ba za a same shi ba, kuma tafiya ɗaya ta kwana uku ba ta isa a ce an nema an rasa ba. Rijiyar ta yi aiki har zuwa ƙarshen watan Mayun 2023, lokacin da aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, janaretan ya koma sai ranar Juma'a.

Agusta 2022 zuwa Maris 2023: littafin rubutu

Abin da ya sauya akalar neman ya faru ne a tsakar gidan malamar a lokacin dogon hutu. 'Yarta mai shekara 14 tana wanke-wanke tana rera wata waƙa da ke ambaton zugazugi da uwar maƙera, uwar ta tambaye ta inda ta samo, yarinyar ta ce ai waƙar Inna ce, ta gidan babanta. Ta ci gaba da cewa baban Inna maƙeri ne, kuma tabon da ke hannun Inna na hagu tartsatsin wuta ne ya ƙone ta tana ƙarama, ranar da ta kai masa fura maƙera. Malamar ta haura shekara 50 tana ganin tabon nan, ba ta taɓa tambaya ba, ba a kuma taɓa gaya mata ba. Jikar kuwa a wajen tsiyar da suke yi da kakarta ta ji, tana ce mata 'yar maƙera mai baƙin hannu, ita kuma tana ramawa.

Malamar ta sayi littafin rubutu mai falle 80 ta fara bin mutane ɗaya bayan ɗaya, ta je har inda suke, ta kunna rikodin waya ta ajiye a kan tabarma. Ta kuma sauya irin tambayar. Ta daina cewa a gaya mata halin Inna, ta koma ɗaukar wani abu na Inna ta tafi da shi, kwalla ko carbi ko tsohon zane, ta ce wa ya ba ta wannan, yaushe, ana cikin wane hali. A wata takwas ta yi zama 14, da jikoki shida, da dillaliyar, da aminiyar har sau biyar, da wasu tsofaffin unguwa.

Daga aminiyar aka sami shekaru, ko da yake ita ba ta ambaci shekara ko ɗaya da lamba ba. Ta ce an kawo Inna amarya a shekarar da Kano ta ga sarki uku, wato 1963, da Sarki Sanusi ya sauka ya tafi Azare, Sarki Inuwa ya yi 'yan watanni ya rasu, aka naɗa Ado Bayero. Ta ce a lokacin Inna ba ta fi shekara 15 ba, abin da ya kai haihuwarta wajen 1948, alhali fasfon da ta je Hajji da shi ya ce 1 ga Janairun 1955, kuma ya ce a Kano aka haife ta. Ta ce Inna tana wankan jegon ɗan fari aka kashe Sardauna, wato Janairun 1966, wanda shi kaɗai ya isa ya rushe shekarar fasfon. Ta ce mahaifiyar Inna ta rasu a shekarar canjin kuɗi na mulkin soja, 1984, lokacin da aka rufe iyaka, Inna ba ta sami zuwa ba sai da aka buɗe a 1986, kuma daga wannan tafiya ta dawo ta cire awarwayen daga hannunta ba ta ƙara sa su ba. Zuwanta na ƙarshe a 2005 ne, shekarar da yunwa ta yi tsanani a Maradi da Damagaram, ta tafi da buhu huɗu na hatsi. Sunan mahaifiyar Inna ma a wurinta aka ji, kuma ba shi ne wanda mai kiran nan ya faɗa ba.

Zaman da ya fi yi wa malamar nauyi shi ne na kishiyar Inna, wadda ta koma gidan ɗanta a wata unguwa, domin tun rabon gadon 2011 tsakanin ɗakunan biyu sai gaisuwar salla. Ta je da goro da turare, ta durƙusa ta ce, "Umma, tambaya na zo yi a kan Inna." Tsohuwar ta ce, "Sai yanzu kuka tuna mun yi shekara arba'in muna raba kwana?" Sannan ta yi awa biyu tana magana. Ita ce ta san dattijon da ke kai saƙo, abokin fataucin maigidansu ne, ya rasu a 2019, amma ɗansa direba ne, yana jan mota tsakanin Kano da Damagaram.

Malamar ta kuma kai awarwayen Kasuwar Kurmi wurin wani tsohon maƙerin fari, wato mai aikin azurfa da tagulla, ba mai ƙera fartanya ba. Ya juya su a hannu ya ce tsohon aiki ne, tsabar kuɗin azurfa na da aka narka aka yi su. Da ya ji labarin sai ya ce mata maƙera ba sa ɓacewa juna, ta bar tambayar mutanen tasha, ta sa a nemi Sarkin Maƙeran yankin.

Yuni 2023 zuwa Afrilu 2024: samuwa da isar da saƙo

A watan Yunin 2023 aka sami direban a tashar da motocin Damagaram ke lodi. Ya tuna mahaifinsa yana kai saƙon wata Hajiya ta Fagge, amma bai san gidan ba. Aka ba shi hoton awarwayen a waya, da goro, da sunan mahaifin Inna da sana'arsa da sunan mahaifiyarta, ya kai wa Sarkin Maƙera a Matamaye, ya gabatar da kansa da sunan mahaifinsa, wanda aka sani a garin. Ba a yi mako biyu ba amsa ta zo: an san gidan maƙerin farin da ya aurar da 'yarsa ga wani mai kanwa na Kano, kuma ƙanwar tana raye. Ƙauyen shi ne na biyu a cikin ukun da ɗan Inna ya je a 2021, magidancin da ya daɗe yana kallon hoton kuwa ɗan yayan Inna ne.

Aka sa tafiya a watan Agusta. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, ƙungiyar ECOWAS ta sa takunkumi, aka sake rufe iyaka. Wata takwas aka yi ana magana ta saƙon murya. Saƙon farko da ƙanwar ta aiko bai kai minti ɗaya ba, kuma ba gaisuwa a ciki. Ta ce ta ji rasuwar yayarta a bakin 'yan ci-rani bayan shekara guda, ta yi kukanta ta yi sadakarta, ta zuba ido ko ɗaya daga cikin 'ya'ya bakwai zai zo ya ce mata sannu, har ta fid da rai ta ce mutanen birni sun yafe talakawan danginsu. Malamar ce ta amsa, ta kira ta Inna ƙarama, ba ta kawo uzurin kulle ko na iyaka ba, ta ce laifinsu ne, a yafe musu. A saƙo na huɗu tsohuwar ta fara tambayar sunayen jikoki.

An buɗe iyakar a watan Maris na 2024, ana cikin azumi. Bayan salla, a watan Afrilu, shekara huɗu cif da rasuwar, mutum biyar suka tafi: babban ɗan, da na biyun, da malamar, da autar mata, da jikar nan mai waƙa. Suka tarar da tsohuwar yana ta rufe mata ido. Da aka kwance tsumman aka sa mata awarwayen a tafin hannu, sai ta bi cikinsu da ɗan yatsa har ta sami wata 'yar tsaga, ta ce alamar babansu ce. Ta ce huɗu ya ƙera, biyu na yayarta biyu nata, kowace ta tafi da su ɗakin miji. Nata ta sayar a yunwar 1984, wadda mutanen can suke kira El Buhari saboda rufe iyakar da aka yi a lokacin, ta sayi 'yan tiyoyin gero ta ciyar da 'ya'yanta da mahaifiyarsu ita da Inna, wadda ke kwance. Da Inna ta zo a 1986 ta ga hannunta wayam, ta cire nata za ta ba ta, ita kuma ta rantse ba za ta karɓa ba muddin yayarta tana numfashi.

Kashegari aka zauna gaban mai gari, ɗan kawun ya faɗi dalilin shirunsa na 2021 da bakinsa. Gonar kakansu ba a taɓa raba ta ba, shi yake nomawa, kuma da ya ga baƙo daga Nijeriya da takarda a hannu yana tambayar gidan, ya ɗauka kason Inna aka zo yanka a sayar. Kason nata kuwa yana nan a shari'a, ya kuma gangaro kan 'ya'yanta bakwai. Biyar suka ce sun yafe, biyu daga cikin ukun da aka kira a waya suka ce kada a yafe, a bar sunan Inna a kan ƙasar ubanta. Aka daidaita a kan gonar ta zauna a hannunsa aro, kowace kaka ya fitar da dami biyu na gero sadaka da sunanta, aka rubuta, mai gari da liman suka sa hannu.

Inda aka tsaya, da abin da nake gani ya jawo jinkirin

Wasiyya ta isa hannun mai ita. Abin da malamar ta tattara ya zama shafi 34 da na buga, da jerin dangi hawa huɗu daga maƙerin zuwa tattaɓa-kunnensa, aka yi kwafi 40 aka raba, shida suka tafi Nijar. An sa mutum shida na can a zauren WhatsApp, kuma yanzu saƙon murya ya fi hoton addu'a yawa a ciki. Rijiyar an sa mata sola a ƙarshen 2024. Rigimar arba'in ba a warware ta ba, an dai daina tayar da ita.

A ganina rufe iyaka da kulle sun jinkirta tafiya, amma ba su suka ɓatar da dangin ba, domin duk abin da aka buƙata yana cikin Kano tun ranar da Inna ta rasu: aminiya a bayan katanga, kishiya a wata unguwa, jika a cikin ɗaki, direba a tasha. Shekara biyu aka yi ana tambayar manyan 'ya'ya, su ne kuwa alkunya ta fi nisanta da labarinta, aka tsallake waɗanda take sakin baki da su. Zauren ya kasa ne domin ba mai faɗin talaucin uwarsa ko rigimarta da kishiya a gaban surukai 10, sai yabon da ba ya nuna hanyar ko'ina. Cigiyar Facebook ta miƙa wa baƙo duk abin da iyalin suka sani, ba ta bar musu abin da za su gwada shi da shi ba. Tafiyar 2021 ta isa har ƙofar gidan, amma an nemi mace da sunan da ba a kiranta da shi, a wurin maza, bayan shekara 58 da barinta garin, kuma ba tare da wani sananne da zai tsaya wa baƙon ba, a ƙasar da gona ita ce abin da aka fi tsoron a zo nema. Ta hanyar sana'ar uba da ɗan abokin uba aka shiga a karo na biyu, shi ya sa aka buɗe ƙofa. Ina kuma ganin da malam ya bari an sayar da awarwayen a 2022, da neman ya tsaya a nan, domin amanar da ke cikin kwalla ce ta hana malamar sakewa.

Akwai abin da bai samu ba. Shekarar haihuwar Inna ta tsaya a kan kintace, 'ya'yanta biyu da suka rasu suna jarirai ba a tabbatar da wanda ya riga wani ba, kuma 'yarta ta Kaduna har yanzu ba ta ji daɗin sa labarin yunwa da sayar da awarwaro a littafin ba, ta ce tonon asiri ne. Aminiyar ta rasu a daminar 2024. A cikin zama biyar da aka yi da ita, uku ne aka rubuta. Sauran biyun suna cikin wayar malamar, kuma akwai wuraren da muryar ta yi ƙasa har ba a jin abin da take cewa.